Karsanar da Aka Kai Kasuwar Batsari

Malam Abdulgaffar haihuwar cikin ganuwar Katsina ne, kuma iyakar saninsa da saniya shi ne namanta a tukunya, nononta a ƙwarya. Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya sa kowa ya rataya rediyo, aka turo shi shugabancin firamaren Dogon Marke, wani ƙauye tsakanin Safana da dajin Rugu. Ya sauka da matarsa Hansatu, da kekensa, da ɗokin gyara duniya irin na wanda bai daɗe da barin kwaleji ba.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne 'yan aji bakwai. Kowace shekara sai a zauna jarrabawar shiga sakandare, a tsinci biyu ko uku, sauran a miƙa musu takarda a ce Allah ya ba da sa'a. Sai su koma gida sun iya nuna Legas a taswira amma ba su iya kafa ƙusa ba. Gonar da za su koma kuwa, farin da aka yi shekarun baya bai gama sakinta ba. Ga shi ƙasa ta cika da aiki, kuɗin fetur ya sa ana ta rufin kwano, kekuna da babura sun yawaita, amma in ƙyaure ya ɓalle a Dogon Marke sai an jira kafinta daga Dutsin-Ma. Wannan abu ya tsaya wa Malam a rai. Ya ƙudura cewa 'yan aji bakwai na bana ba za su fita hannu rabbana ba, sai ya buɗe musu ajin sana'a: kafinta, gyaran keke, ɗinki, da noma da garmar shanu.

Niyya kam ga ta, kayan aiki ne babu. Ya yi ta zirga-zirga zuwa Katsina har masinjojin ofisoshi suka san tarinsa. Daga ƙarshe ya faɗa hannun wani abokin karatunsa, Malam Surajo, wanda ke aiki a ofishin da ke raba tallafi ga makarantu.

"Ai akwai asusu don irin wannan," in ji Surajo. "Keken ɗinki, zarto, garma, har da mai koyarwa za a ba ka. Amma da sharaɗi. Sai gari ya fara aje nasa kason, a ga hannunsu a ciki. Kuma kafin ƙarshen Maris. In aka rufe shekarar kuɗi, wata makarantar ce za ta samu."

Malam ya dawo yana taka keke kamar an riga an ba shi. Ya fara da dagaci. Dagaci ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya kama hannunsa ya zagaya da shi bayan gida, ya ɗaga murfin rumbu ya ce ya leƙa. Malam ya leƙa, ya yi godiya, ya fito. Ya je wurin wani ɗan kwangila a Safana, aka ba shi lemon kwalba da wata "in sha Allahu" mai dogon wuya wadda ko yaro ya san ba za ta sauka ba. Ya shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayo a dandali, mutane suka yi dariya har da riƙe ciki, abin da aka tara a faranti kuwa bai isa ƙotar guduma ba. Ya zuba abin da ya iya daga albashinsa, har miyar gidansa ta fara ba da labari. Duk da haka ko rabi bai kai ba, ga Maris ya kama.

Hansatu ce ta ce da shi wata safiya, "Malam, ka je wa kowa, ba ka je ruga ba."

"Su da fari ya cinye musu shanu? Me zan roƙa a wurinsu?"

"Ɗiyansu na cikin ajinka dai. Ka bari su ce babu da bakinsu."

Ya tafi, ba don yana sa rai ba. Rugar Ardo Sahabi tana bakin daji, bukkoki ne 'yan kaɗan da wani makeken fili da ake gani an san da can garke ne ya cika shi, yanzu kuwa shanun sun taru a gefe guda kamar baƙi. Ardo dogon tsoho ne marar yawan magana. Aka shimfiɗa wa Malam buzu, aka gaisa tun daga gajiya har kan iyali da dabbobi da zafin rana, aka kawo masa kindirmo ya sha. Sannan ya kwance bakin jakarsa, ya yi bayani kamar yana gaban allo. Tsohon bai katse shi ba, kansa na ƙasa yana zane da sanda. Da ya gama sai ya ce, "Mun jiya, Malam. Allah shi kai mu."

Malam ya hau kekensa yana cewa a ransa, wannan ma 'yar'uwar ta ɗan kwangila ce, ta dai fi ta ladabi.

Ba a rufa mako ba, da hantsi, sai ga Ardo Sahabi a ƙofar gidan Malam, janye da karsana fara mai baƙin kunne, da sabuwar igiya a wuyanta. Bai aiko kowa ba, da ƙafarsa ya zo. Ya nemi izini ya shiga bayan gida, ya kafa turke da hannunsa, ya ɗaure ta, ya shafa bayanta, sannan ya ce, "Haɓɓanaye ce, Malam. Allah shi sa mata albarka a hannunka."

To, a nan ne ya kamata Malam ya yi tambaya, don matambayi ba ya ɓata. Amma mutumin da duk gari ke kawo wa tambaya, nauyi yake ji ya ce bai sani ba. Ya ɗauka kyauta ce aka faɗa masa da Fulatanci, ya yi ta zuba godiya har tsohon ya ɓace.

Haɓɓanaye kuwa ba kyauta ba ce. Saniyar amana ce da Bafillace ke ɗaura wa wanda ya yarda da shi. Za ka riƙe ta, ka sha nononta, ta haifa maka 'ya'ya su zama naka halak malak, sannan ka mayar da uwar ga mai ita. Ba a dukanta, ba a barin ta da ƙishi, kuma ko yunwa za ta kashe ka ba ka sayar da ita. Wanda ya sayar da haɓɓanaye, har jikokinsa sai an yi musu gori a bakin rijiya. Duk Dogon Marke babu wanda bai san cewa in Bafillace ya kafa maka turke da hannunsa, amana ya ba ka ba. Mutum biyu ne kawai ba su sani ba, kuma a gidansu aka kafa turken.

Ranar kasuwar Batsari, Malam ya kwance karsana ya nufi bakin hanya inda a-kori-kura ke ɗibar dabbobi. Mutanen da ya gamu da su suka gaishe shi, suka dubi karsanar, suka dubi igiyar. Wani ya ce a ransa ƙila wurin malamin dabbobi zai kai ta. Wani kuma ya ga ai hedimasta ba ya rasa dalili. Haka girmamawa ta rufe bakin kowa, aka taya shi ɗora ta a mota.

A kara, wato inda ake cinikin shanu, abin ya ɗaure masa kai. Dillali zai taho da sauri, ya zagaya karsanar, ya kama kunnenta ya duba tsagar da ke jiki, ya dubi wannan Bahaushe mai agogo da takalmi sau-ciki, sai ya ce, "Allah shi kawo kasuwa," ya sulale. Na biyu haka, na uku haka. Ko tayi babu wanda ya yi. Rana ta take, ƙura da kukan shanu suka cika masa kai, ya tsaya riƙe da igiya yana ji kamar ya yi kuka, don yana ganin ajin sana'arsa na narkewa a gabansa.

Can bayan azahar sai ga wani dillali mai suna Mani, gajere mai furfura a gemu. Bai duba haƙoranta ba, bai taɓa ƙirjinta ba, ya yi sallama ya faɗi kuɗin da ya sa Malam ya ce ya maimaita. Kuɗin ya cike abin da ake nema cif. Malam ya so ya nuna shi ma ya san ciniki, ya ce, "Albarka." Mani ya dube shi da wani irin ido, ya ce, "Malam, ka sallama dai." Ya sallama. Ya miƙa la'ada, Mani ya ce a bar ta. A hanyar komawa Malam har yana yi wa kansa kirari, wai da bai yi malanta ba da ya yi arziki a fataucin shanu. Ya saya wa Hansatu rogon Batsari mai gari, ya kai mata tsaraba.

Washegari ya wuce Katsina. Surajo ya karɓi kason gari, ya buga hatimi, ya miƙa masa hannu ya ce kaya za su iso kafin damina ta faɗi. Malam ya kwana a gidansu, ya kamo hanya da zuciya fara tas.

Da ya shigo gida ya jingina keke, sai ya ji kukan saniya a bayan ɗaki. Ya leƙa. Karsana fara mai baƙin kunne tana tsaye a turkenta tana cin harawa, kamar ba ta taɓa ganin Batsari ba.

Hansatu na zaune bakin murhu, idanunta sun yi ja, kuma ba hayaƙi ba ne.

"Ardo ne ya kawo ta jiya," in ji ta. "Wai a hanya ya tsince ta, igiyarta ta kwance. Wai a riƙa ɗaure ta da kyau. Iyakar abin da ya ce ke nan, ya tafi."

"Wace hanya? Ni da hannuna na sayar da ita!"

"Zauna, Malam."

Ya zauna. Ta ce da safe Ma'u, surukar Ardo mai kawo musu nono, ta zo ta aje ƙwarya tana ta sunkuyar da kai. Hansatu ta tsare ta da magiya har ta yi magana. Ta fara gaya mata mece ce haɓɓanaye, sannan ta gaya mata sauran. Ashe Ardo yana kasuwar ranar, zaune gindin tsamiya da dattawan Fulani, lokacin da aka sauke karsanarsa daga mota. Dillalai sun gane tsagar kunnen, shi ya sa kowa ya janye hannu. Dattawan suka juyo suna dubansa. Sai ya ce musu shi ne ya ce Malam ya kawo ta a ga abin da za ta yi a kasuwa, kada kowa ya ce uffan. Ya kira Mani, ya aika gida aka kawo bijiminsa a mota, shi kaɗai ne namijin da ya tsallake fari, wanda ya riƙa yanko wa ganyen itace yana ɗebo wa ruwa a kansa lokacin da shanu ke faɗuwa. Ya sayar da shi nan take, ba ciniki. Da kuɗin bijimin aka sayi karsanar daga hannun Malam.

"Ma'u ta ce da anka ja bijimin zuwa motar masu kai shanu Kurmi, can Kudu, Baffa bai duba ba," in ji Hansatu, tana maimaita maganar yadda ta ji ta, don Baffa suke ce wa Ardo a ruga. "Kuma ta roƙe ni kada in gaya maka."

Kunya ta rufe Malam Abdulgaffar, irin wadda mutum ke so ƙasa ta tsage ya shige. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ya fi ta nauyi. Shi dai tunda yake, ba a taɓa yi masa alheri irin wannan ba, a ba ka, ka ɓata, a biya ɓarnar, sannan a ɓoye maka don kada ka ji ciwo. Ya tashi ko ruwa bai sha ba, ya bar keken a nan, ya nufi ruga da ƙafa.

Ya sami Ardo yana tufka igiya a inuwar bukka. Aka gaisa kamar kullum, tsohon bai rage ko gaisuwa ɗaya ba. Da aka gama Malam ya sauka daga buzun ya durƙusa a ƙasa.

"Baffa, na zo ne a kan abin da na yi a Batsari."

"Batsari? An ce rogo ya yi araha bana."

"Baffa, don Allah. Na sani yanzu. Ban san haɓɓanaye ba, ban kuma tambaya ba."

Tsohon ya ci gaba da tufkarsa. "Mata ba su riƙe magana," ya ce a hankali. "Tashi ka koma kan buzu, Malam. Baƙo ko da ido makaho ne. Ni ne ban yi maka bayani ba. Na ga kuna da littattafai da yawa, na zaci wagga ma tana ciki."

"Zan koma Katsina in karɓo kuɗin, a nemo bijimin."

"Bijimi ya kai Kurmi, ƙila ma an ci shi. In ka karɓo kuɗin, ka ga na sai da shi a banza ke nan." Ya aje igiyar, ya dubi filin da babu shanu. "Bari in gaya maka. Shekarar da anka yi fari, na wayi gari na iske shanuna kwance, wasu sun mutu, wasu suna jiran mutuwa. Na tsaya da sanda a hannu. Sai na ga ban san abin da ake yi da hannu ba in babu saniya a gaba. Ɗiyana maza sunka tafi birni gadi. Jikata Mero tana ajinka. Ƙoren da uwarta za ta bar mata suna nan jere, mi za ta zuba a ciki? Tun ina yaro, duk mai takalmi da ya zo rugar ga, abin da zai karɓa ya kawo shi. Kai kaɗai ka zo kana neman abin da za ka ba ɗiyanmu. To mi ne bijimi?"

Hawaye ya zubo wa Malam, bai kuma ɓoye ba. Tsohon ya kawar da kai, ya ba shi lokaci, don a wurinsu ba a kallon namiji yana kuka.

Da ya natsu ya ce, "Na gode, Baffa. Allah ya saka da alheri, ya mayar da ninkinsa. Yanzu a koya mini. Me ake yi mata?"

Nan fa bakin Ardo ya buɗe. Ya gaya masa lokacin ba ta ruwa da lokacin ba ta kanwa, da yadda ake cire mata kaska, da ciyawar da ba a bari ta ci da sabon ruwa. Ya ce 'ya'yan da za ta haifa na makaranta ne, in maza ne ga shanun garma, in mata ne ga nonon da za a sayar a sayi zare da ƙusa, don kayan gwamnati ƙarewa suke yi, saniya kuwa haihuwa take. Malam ya ga ashe tsohon ya ba shi amsar roƙonsa tun ranar da ya kafa turken, ta hanyar da ya sani.

"Sai yaushe zan dawo da ita?"

"In ta yi haihuwa uku."

Malam ya yi lissafi a ransa. Karsana ce, ko fara ɗaukar ciki ba ta yi ba. Kafin ta haihu sau uku, yaran da ke aji ɗaya yanzu sun kusa fita.

"Baffa, ai wannan shekaru ne. Mu kuwa ma'aikata ne. In aka ce in koma wani gari fa?"

"Ana tambayar mutum kafin a ɗauke shi, in ya ce yana da abin da ya riƙe shi, wani lokaci a bar shi. Haka na ji." Tsohon ya ɗauki igiyarsa. "Malamai da yawa na gani a makarantar ga. Kowa ya zo da abin kirki a bakinsa, damina ɗaya ko biyu sai a ce ya koma birni. Keken ɗinki ba ya taka kansa, Malam. In ka tafi, tsatsa za ta ci shi a ɗaki a kulle." Ya yi ɗan murmushi, na farko da Malam ya taɓa gani a fuskarsa. "Kuma haɓɓanaye ba a bar wa wani riƙo. Wanda anka ɗaura wa, shi ka maido ta."

Sai a lokacin Malam ya gane cewa ba karsanar kaɗai aka kafa wa turke a bayan gidansa ba. Ya duba zuciyarsa ko zai ji an yi masa wayo, bai sami komai a ciki ba sai godiya, don tunda ya fara aiki ba a taɓa son zamansa a wuri har a biya shi da bijimi ba.

"Na karɓa, Baffa," ya ce.

Ya iso gida da la'asar sakaliya. Hansatu ta tare shi a tsakar gida tana duban fuskarsa. Tun zuwansu garin, rabin kayan ɗakinta na ƙulle cikin akwati, don kowa ya gaya mata malami ba ya daɗewa a ƙauye.

"Yaya kuka yi?" ta tambaya.

"Ki kwance akwatunan nan, ki jera kwanukanki," in ji shi. "Gobe kuma a nemo mata su yi wa ɗakin daɓe."

Sannan ya ɗauki bokiti ya tafi rijiya, don karsanar ba ta sha ruwan yamma ba.